Gashin Jimina da Fataken Sahara: Lacca kan Aikin Sarah Abrevaya Stein

 

Da aka ji taken laccar nan, na tabbata akwai wanda ya tambayi na kusa da shi: me ya haɗa mutanen Lautai, wato ƙasar Gumel, da wata Ba'amurkiya mai rubuta tarihin Yahudawa? Abin da ya haɗa mu gashin jimina ne. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, gashin da aka fige a dazukan Damargu da Damagaram yakan bi ta hannun fatake ya ratsa Sahara, ya sauka a shagon Bayahude a Tarabulus, ya ƙare a kan hular wata baiwar Allah a Landan ko Faris. Matar da zan yi magana a kanta ita ce ta bi sawun wannan gashi tun daga jikin tsuntsu har kan hula, kuma a hanya ta ratso ta ƙasarmu.

Sunanta Sarah Abrevaya Stein. Ta yi digirinta na farko a Jami'ar Brown, ta kammala digirin digirgir a Stanford a 1999, ta koyar a Jami'ar Washington da ke Seattle, daga baya ta koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Fanninta shi ne tarihin Yahudawa na ƙarni na 19 da na 20, musamman waɗanda ake kira Safardawa, zuriyar Yahudawan da aka kora daga Andalus a 1492, shekarar da Garnada ta faɗi daga hannun Musulmi. Da yawansu Daular Usmaniyya ta Turkawa ce ta karɓe su. Suka zauna a Istanbul da Izmir da Salonika, suna magana da wani reshe na Sifaniyanci mai suna Ladino, suna rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami.

Littafinta na farko, Making Jews Modern, ya fito a 2004. A ciki ta gwama jaridu biyu, Der Fraynd ta harshen Yiddish da aka fara bugawa a daular Rasha a 1903, da El Tiempo ta Ladino da ke fitowa a Istanbul. Ba ta tsaya kan sharhin editoci kaɗai ba. Har tallan magani da na tufafi ta karanta, don a can ne ake ganin abin da mai karatu yake sha'awa da abin da yake tsoro. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya san darajar wannan dabara.

Amma littafin da ya kawo ni gabanku shi ne Plumes, wanda Jami'ar Yale ta buga a 2008, ya kuma ci kyautar Sami Rohr a 2010. A nan zan daɗe.

Daga wajen 1880 zuwa 1914, matan Turai da Amurka sun kamu da son gashin jimina. A hula, a wuyan riga, a mafici, ko'ina shi ne. Mu kuwa mun riga su sanin darajarsa da ɗaruruwan shekaru. Tarihin Kano ya lissafa figini da takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su fada, kuma Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Har gobe in Sarkin Kano ya fito hawa za ka gan su. A wurinmu kayan sarauta ne. A Turai ya zama kayan yayi, kuma yayi ba shi da alƙawari.

Kafin a fara kiwon jimina a Afirka ta Kudu, kaso mai yawa na gashin da Turai ke saye ta Sahara yake bi. Mafarauta da makiyaya a Damargu da Damagaram da Borno su ke samar da shi. Wasu su harbo tsuntsun a daji, wasu su kama 'ya'yan su raina a gida suna figa. Attajirai irin su Malam Yaro na Zinder su tara, a ɗaure, a ɗora wa raƙuma. Ayari ya tashi daga Kano, ya bi Zinder, Agadas, Gat, Gadamas, sai Tarabulus, tafiyar watanni. Larabawan Gadamas, waɗanda suka yi zamansu a Dandalin Turawa cikin birnin Kano, su ne ke riƙe da tsakiyar hanya, Buzaye kuma su ne masu raƙuma da ja-gora. Kaya uku ne manya masu tafiya arewa a ƙarshen ƙarni na 19: gashin jimina, hauren giwa, da jemammiyar fatar akuya. Masu dawowa kudu kuwa, akasari akoko ne da sauran yadin Mancesta.

To ina Yahudawa a ciki? Galibinsu ba su taka Sahara ba. Suna Tarabulus, iyalai irin su Arbib da Nahum da Hassan. Su ne ke ba madugai yadi bashi, su jira shekara ko fiye kafin ayari ya komo. In gashi ya iso, a rumbunansu ake wanke shi, a ware shi daraja-daraja, fari dabam, baƙi dabam, na namiji dabam, na mace dabam, sannan a aika wa ɗan'uwa ko suruki da ke Liborno ko Faris ko Landan. Ku da kuke cinikin shanu da raƙuma a kasuwar Alhamis ta Maigatari kun fi ni sanin yadda wannan harka take. Kaya na tafiya Legas ko Fatakwal ba tare da takardar lauya ba, don akwai amana tsakanin mai kaya da dillali da fatoma. Irin wannan amana ce ta haɗa Bayahuden Tarabulus da Balaraben Gadamas da Bahaushen Kano, kowa da addininsa, kowa kuma ya san in ya ci amana sau ɗaya ya gama kasuwanci.

Sai Turawan Kef na Afirka ta Kudu suka gano kiwon jimina a cikin shinge a shekarun 1860, wani mai suna Arthur Douglass kuma ya ƙera na'urar ƙyanƙyasa a 1869. Garin Oudtshoorn ya zama cibiya. Yahudawa matalauta daga ƙananan garuruwan Lituweniya, musamman Kelme da Shavli, suka yi ta kwarara can. Da yawansu da ƙafa suka fara, suna bi gona-gona suna sayen gashi, har aka riƙa kiran garin Ƙudus ta Afirka. Wani daga cikinsu, Max Rose, ya kai matsayin da ake ce masa sarkin gashin jimina. Zuwa 1913 akwai jimina fiye da 750,000 a gonakin Kef, gashin da aka fitar a shekarar ya kusa fam miliyan 3, kuma bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu babu abin da ya fi shi kawo wa Afirka ta Kudu kuɗi. A Landan ake gwanjonsa. A unguwannin talakawa na gabashin Landan da na Niyok kuwa, 'yan mata Yahudawa 'yan ci-rani ke rina shi suna murɗa shi a ɗakuna masu ƙura, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba.

Akwai wani labari a littafin da ya faru a ƙofar gidanmu. Manoman Kef sun lura cewa wani irin gashi mai kauri da sheƙi da ke fitowa ta Tarabulus ya fi nasu tsada, suka kuma ji tsoron kada Amurkawa masu gwada kiwon jimina a Kalifoniya da Arizona su riga su samun irin. Saboda haka a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga a asirce ƙarƙashin Russel Thornton don ta nemo asalin tsuntsun. Suka sauka ta bakin teku, suka hauro Kano, suna bincikar ƙunshin gashin da fatake ke kawowa, har suka gane daga yankin Zinder yake fitowa. Amma Zinder tana hannun Faransawa tun 1899, Faransawa kuma suka hana fitar da jimina mai rai. Sai tawagar ta zauna a ɓangaren Ingilishi tana saye daga hannun mutanen ƙasa, har ta tara wajen 150. Aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Legas, aka sa su a jirgin ruwa, galibinsu suka isa Kef a 1912.

Bayan shekara biyu kasuwar ta rushe. Dalilan sun taru ne wuri ɗaya: gashi ya yi yawa a rumbuna, mota marar rufi ta shigo kuma iska ba ta barin doguwar hula a ka, masu kare tsuntsaye sun matsa an kafa dokoki da suka zubar da farin jinin kowane irin gashi, sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, mata suka koma tufafin aiki da na makoki. Attajiran Oudtshoorn da suka gina manyan gidaje suka wayi gari da bashi. Stein ta bi takardun ɗaya daga cikinsu, Isaac Nurick, ta nuna yadda karayar arziki ta tarwatsa gidansa. Tsuntsayen da Thornton ya sha wahalar kaiwa suka ƙare ba a ci moriyarsu ba.

Namu ɓangaren ya ma riga mutuwa. Gashin gona ya karya farashin na daji tun shekarun 1880. Rabe ya ci Borno a 1893, hanyar gabas ta lalace. Ingilishi suka ci Kano a 1903. A 1911 Italiya ta auka wa Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke kaiwa teku a watanni, jirgi ya riƙa kai su a kwanaki. Kano ta juya wa arewa baya ta fuskanci Legas, gyaɗa ta maye gurbin gashi da haure. Wani Bayahuden Tarabulus, Saul Raccah, ya biyo sabuwar hanyar ya zauna a Kano, kuma a ƙarshen shekarun 1930 ya yi ƙarfin da ya ja da kamfanin UAC wajen sayen gyaɗa. Jiminar kanta, mai jan wuya, ta kusa ƙarewa a dazukan Nijar. Yau a Kelle, kusa da Gure cikin jihar Zinder, ake kiwon 'yan kaɗan don kada irin ya ɓace.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake ganin girman wannan aiki. Shekaru da yawa masana tarihin Yahudawa suna kaffa-kaffa da maganar kasuwanci. Suna da dalili, don ƙaryar cewa Yahudawa ne ke juya dukiyar duniya ta jawo an zubar da jinin miliyoyi a Turai. Sai masana suka fi karkata ga tarihin addini da na ƙunci da na siyasa. Stein ta ƙi yarda da ƙaryar, ta kuma ƙi yin shiru. Ta ce lallai Yahudawa sun yi yawa a cinikin gashi, ga kuma dalilan: suna da dangi a tashoshin ruwa daban-daban, suna da harsunan da suka haɗa su, sun zo da gogewa a sana'ar fata da tufafi, dokokin mulkin mallaka kuma sun buɗe musu wasu ƙofofi sun rufe wasu. Sannan ta nuna cewa su ba dunƙule ɗaya ba ne. Na Lituweniya da na Tarabulus gasa suke yi. Mai masana'anta Bayahude ne, yarinyar da yake ƙwara ma Bayahudiya ce. Da kasuwa ta faɗi kuwa, babu wata ɓoyayyiyar ƙungiya da ta cece su. Sun karye kamar yadda kowane ɗan kasuwa ke karyewa.

Na san abin da ke zukatan da yawanmu, don yana zuciyata. Abin da ake yi wa Falasɗinawa yana ci mana rai, kuma babu laccar da za ta sa in sassauta a kansa. Amma mai ware gashi a Tarabulus a 1880 ya rayu ya mutu kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Ɗora masa laifin wata gwamnati zalunci ne, addininmu kuwa ya hore mu da yin adalci ko ga wanda muke fushi da shi. A zaurukanmu da wayoyinmu ana yawan maganar Yahudawa kamar mutum guda ne mai niyya guda tun farkon duniya. Wannan ba ilimi ba ne, kuma ɗalibin tarihi bai kamata ya ɗauka ba.

Mu ma muna da shafin da ba ma son karantawa. Shehu Muhammad al-Maghili, wanda ya zo Kano ya rubuta wa Rumfa nasiha kan mulki, shi ne kafin zuwansa ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit a Tuwat wajen 1492, aka kashe wasu, saura suka watse. Alƙalin Tuwat na lokacin, al-Asnuni, bai yarda da fatawarsa ba. Marigayi John Hunwick, wanda ya koyar a Ibadan, ya rubuta littafi a kan wannan a 2006. Muna girmama al-Maghili saboda abin da ya bar mana, kuma girmamawar ba ta hana mu sanin cewa malaman zamaninsa sun saɓa masa a wannan mas'ala.

Stein ta yi wa nata mutanen irin wannan gaskiyar. A Family Papers na 2019 ta bi zuriyar Sa'adi a-Levi, mai ɗab'i kuma mai jarida a Salonika, ta hanyar dubban wasiƙun da wani jikansa ya adana a Rio de Janeiro. Salonika tana da Yahudawa wajen 50,000 kafin 'yan Nazi su kwashe su a 1943, kuma 'yan kaɗan ne suka tsira. Cikin binciken ta ci karo da Vital Hasson, ɗan wannan zuriya, wanda ya yi wa 'yan Nazi aiki yana farautar 'yan'uwansa, har kotun Girka ta yanke masa hukuncin kisa aka zartar a 1948. Iyalin da suka ba ta amanar takardunsu jininsa ne. Duk da haka ta rubuta. Masu rubuta tarihin masarautu da na gidajen malamai a ƙasar nan, waɗanda littattafansu kan zama kirari daga bango zuwa bango, suna da abin koyo a nan.

Sauran littattafanta zan taɓa su a gurguje. Saharan Jews and the Fate of French Algeria, na 2014, yana magana kan Yahudawan Gardaya a kwarin Mzab. Dokar Crémieux ta 1870 ta mai da Yahudawan arewacin Aljeriya 'yan ƙasar Faransa, amma na Mzab, da aka ci a 1882, aka bar su ƙarƙashin mulkin soja a matsayin talakawan mallaka har 1961. Layin da Bature ya ja a taswira ya mai da jama'a ɗaya iri biyu. Wa zai gaya wa mutumin Gumel wannan? Tumbi, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin a dawo nan a ƙarni na 19, yau tana cikin Nijar, saboda iyakar da Tilho da O'Shee suka kafa wa turaku tsakanin 1906 da 1908. Extraterritorial Dreams na 2016 kuma kan Yahudawan Daular Usmaniyya ne masu riƙe da takardun kariyar ƙasashen Turai, da yadda takardar kan ceci mutum yau ta jefa shi a rami gobe. Ta kuma yi aiki tare da Aomar Boum, Musulmi ɗan kudancin Maroko, suka fitar da littafi a 2018 kan abin da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa Arewacin Afirka, har da sansanonin aikin tilas da gwamnatin Vichy ta Faransa ta kafa a kan layin dogon da ta yi mafarkin shimfiɗawa daga Bahar Rum zuwa kogin Kwara.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan Plumes, kuma ba ƙarami ba ne. Yahudawan littafin suna da sunaye da wasiƙu da 'ya'ya. Mutanen kudancin Sahara kuwa, maharbin da ya bi jimina cikin rana, matar da ta ciyar da 'ya'yan jimina a bayan gida, bawan da ya ɗauki kaya, madugun da ya kwana da fargabar 'yan fashi, duk inuwa ce kawai ake gani. Wani ɓangare na dalilin shi ne abin da ta sa gaba tarihin Yahudawa ne. Ɗaya ɓangaren kuwa namu ne. Iyalan Nurick da Levi sun ajiye takarda. Mu kuwa sau nawa aka share ɗakin tsoho bayan rasuwarsa aka ƙone kundin bashinsa, ko aka bar wa gara? Stephen Baier ya rubuta tarihin tattalin arzikin Damagaram a 1980, Marion Johnson ta rubuta kan ayarin Tarabulus da Kano a 1976, marigayi Mahdi Adamu ya bi sawun fataken Hausa a Afirka ta Yamma a 1978. Gumel fa? Heinrich Barth ya sauka a nan a 1851, ya tarar da babbar kasuwar kanwa, ya rubuta. Abin kunya ne a ce har yau in ana son sanin kasuwar kakanninmu, sai an koma ga baƙon da ya kwana 'yan kwanaki ya wuce.

Maganar ba ta tsaya a jiya ba. An kafa yankin ciniki marar haraji a Maigatari a farkon shekarun 2000 da fatan riɗi da zoɓo da ƙaro da fata za su fita duniya daga nan. Manomin zoɓo a Gagarawa ko Sule Tankarkar yana cikin irin sarƙar da maharbin Damargu ya shiga. Da Meziko ta dakatar da sayen zoɓon Najeriya saboda ƙwaro, farashi ya faɗi a ƙauyukan da ba su taɓa jin sunan ƙasar ba. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe ta Maigatari. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai Maris na 2024. Kowace rufewa ta karya wani, ta azurta wani, ta sauya hanyar da kaya ke bi. Wa ke rubuta wannan? Nan da shekara 50, jikokinmu a bakin wa za su ji?

Saboda haka ina da roƙo. Alhazai 'yan kasuwa, littattafan bashi da rasiɗai da wasiƙun ajami da kuka gada, kada ku ƙone su, kada ku bar su a inda ruwa ke zuba. In kuna tsoron asirin gida, a ɗauki hotonsu a ajiye, a sa sharaɗin shekarun da za a jira kafin a buɗe. Arewa House a Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano sun san yadda ake adana irin waɗannan. Ku kuma ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, in lokacin zaɓen abin bincike ya zo, ku ɗauki kaya guda, kanwa ko fata ko riɗi ko raƙumi, ku bi shi daga hannun farko zuwa na ƙarshe. Ku tafi kasuwar Alhamis da littafi da waya, ku durƙusa ku gai da tsofaffin dillalai da fatomai, ku nemi izininsu, ku rubuta sunan kowa da garinsu da shekarar da ya fara. Ku fara da waɗanda suka haura 80, kuma ku fara a wannan makon.